8 ga watan Disamba: Tarihin rayuwar Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa

Wani mai sauraronmu daga Kutawa, a ƙaramar hukumar Dutsin-Ma ta jihar Katsina, ya aiko yana neman mu ba shi tarihin marigayi Manjo Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, Tafidan Katsina, tare da bayanin manyan abubuwan da suka faru a duniya a ranar da ya rasu.

Janar 'Yar'aduwa ya rasu ne ranar Litinin 8 ga watan Disamba na shekarar 1997, daidai da watan Sha'aban na shekarar 1418 bayan Hijira, yana ɗaure a gidan yarin Abakaliki da ke kudu maso gabashin Najeriya. Yana da shekaru 54 a duniya. Shekaru 18 kafin wannan rana shi ne mutum na biyu a gwamnatin ƙasar, kuma shekaru biyar kafinta shi ne ke kan gaba a cikin masu neman jam'iyyar SDP ta tsayar da su takarar shugaban ƙasa.

Ranar 8 ga Disamba a tarihin duniya

Wannan rana ta sha zuwa da manyan al'amura. A ranar 8 ga Disamba na 1941 ne majalisar dokokin Amurka ta ayyana yaƙi a kan Japan, kwana guda bayan harin da jiragen saman Japan suka kai kan sansanin sojan ruwa na Pearl Harbor. Wannan mataki ya faɗaɗa Yaƙin Duniya na Biyu, yaƙin da ya kai dubban samarin Arewacin Najeriya dazuzzukan Bama a ƙarƙashin tutar Ingila.

A rana irin wannan ce a 1980 wani ɗan bindiga ya harbe mawaƙin nan na Ingila, John Lennon, a ƙofar gidan da yake zaune a birnin New York. A 1987 kuwa shugaba Ronald Reagan na Amurka da Mikhail Gorbachev na Tarayyar Sobiyet suka sa hannu a birnin Washington a kan yarjejeniyar kawar da makamai masu linzami na ƙasa masu cin zango daga kilomita 500 zuwa 5,500. Yarjejeniyar ta yi aiki fiye da shekaru 30 kafin ta rushe a 2019.

Bayan shekaru huɗu, ranar 8 ga Disamba na 1991, shugabannin Rasha da Yukren da Belarus, wato Boris Yeltsin da Leonid Kravchuk da Stanislav Shushkevich, suka haɗu a wani gidan saukar baƙi cikin dajin Belovezha, suka bayyana cewa Tarayyar Sobiyet ta daina wanzuwa. Kafin ƙarshen watan Gorbachev ya yi murabus. Haka kuma a ranar 8 ga Disamba na 2024 ne 'yan tawaye suka shiga birnin Dimashƙa, shugaba Bashar al-Assad ya tsere zuwa Rasha, mulkin gidan Assad da ya haura shekaru 50 a Siriya ya zo ƙarshe.

Ga mutanen ƙasar Katsina, ranar tana tuna masu da rasuwar ɗaya daga cikin 'ya'yansu da suka fi tasiri a siyasar Najeriya.

Haihuwa da asali

An haifi Shehu a birnin Katsina ranar Juma'a 5 ga watan Maris na 1943, a ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya rasu a shekarar da ta biyo baya. Sunan gidansu ya samo asali ne daga unguwar 'Yar'aduwa da ke cikin birni. Gida ne na ilimi da sarauta, wanda ke riƙe da Mutawallin Katsina, wato mai kula da baitulmalin masarauta.

Mahaifinsa, Alhaji Musa 'Yar'aduwa, malamin makaranta ne da ya shiga siyasa a jam'iyyar NPC ta Sardauna, ya zama ministan harkokin Legas a gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Balewa har zuwa juyin mulkin watan Janairu na 1966. Mahaifiyarsa, wadda aka fi sani da Hajiya Dada, ta yi tsawon rai har zuwa 2024, bayan ta ga rasuwar 'ya'yanta biyu da suka kai ƙololuwar mulki a Najeriya.

Ita ma ranar 5 ga Maris tana da nata tarihin. A ranar ce a 1922 Gwamna Hugh Clifford ya yi bikin buɗe Kwalejin Katsina, makarantar da ta yaye Sardauna da Tafawa Balewa. A ranar ce kuma Joseph Stalin ya mutu a 1953. Sannan ita ce ranar da Janar Olusegun Obasanjo ke bikin zagayowar haihuwarsa, mutumin da ƙaddara ta haɗa shi da Shehu sau biyu, da farko a kan mulki, daga baya a gaban kotun soja.

Shehu ya yi karatu a makarantar midil ta Katsina da kuma sakandaren lardi, wadda daga baya ta zama Kwalejin Gwamnati ta Katsina. A can ne ya zauna aji ɗaya da Muhammadu Buhari, ɗan Daura. A wancan lokaci shugabannin Arewa na ƙarfafa wa 'yan makaranta gwiwa su shiga aikin soja, saboda hafsoshin da suka fito daga yankin ba su da yawa. Shehu ya amsa wannan kira a 1962. Ya fara samun horo a makarantar soja ta Kaduna, daga nan aka tura shi Sandhurst a Ingila, ya dawo a 1964 da muƙamin ƙaramin laftana, aka tura shi bataliya ta ɗaya a Inugu.

Yaƙin basasa da juyin mulkin 1975

Bai cika shekara biyu da fara aiki ba ƙasar ta rikice. Juyin mulkin ranar 15 ga Janairu na 1966 ya ci rayukan Sardauna da Tafawa Balewa da manyan hafsoshin Arewa, ya kuma raba mahaifinsa da kujerar minista. Na watan Yuli ya kawo Yakubu Gowon. A watan Yuli na 1967 yaƙin basasa ya ɓarke.

Shehu ya yi yaƙin a runduna ta biyu, ƙarƙashin Kanar Murtala Muhammed. Wannan runduna ce ta yi ta ƙoƙarin tsallaka kogin Neja daga Asaba zuwa Onitsha a watan Oktoba na 1967, ta yi asarar sojoji masu yawa a cikin ruwa, kafin daga baya ta zagayo ta ƙasa ta kama garin a watan Maris na 1968. Yana ɗan shekara 25 aka ba shi jagorancin birged. A fagen daga ne ya ƙulla dangantaka da Murtala da sauran hafsoshin tsararsa, dangantakar da ta yi tasiri bayan an ajiye makamai a watan Janairu na 1970.

A ranar 1 ga Oktoba na 1974 Janar Gowon ya janye alkawarin da ya yi na miƙa mulki ga farar hula a 1976. Wannan, tare da zargin cin hanci da ake yi wa wasu gwamnoninsa, ya fusata matasan hafsoshi. Laftana Kanar 'Yar'aduwa na cikin waɗanda suka kitsa juyin mulkin ranar 29 ga Yuli na 1975, tare da irin su Kanar Joe Garba da Kanar Abdullahi Mohammed da Kanar Ibrahim Taiwo. An kifar da Gowon yana halartar taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Kampala, ba tare da an zubar da jini ba. Masu juyin ba su karɓi mulkin da kansu ba, sai suka miƙa shi ga na gaba da su, wato Murtala da Obasanjo da Theophilus Danjuma.

Murtala ya naɗa Shehu kwamishinan sufuri na tarayya, ya ɗora masa ɗaya daga cikin manyan matsalolin lokacin. Gwamnatin Gowon, cikin yalwar kuɗin man fetur, ta yi odar siminti kimanin tan miliyan 20, mafi yawansa da sunan ma'aikatar tsaro, alhali tashar jiragen ruwan Legas ba ta iya sauke fiye da kimanin tan miliyan guda a shekara. Jiragen ruwa fiye da 400 suka yi cincirindo a bakin teku, kowanne yana cajin gwamnati kuɗin jira a kullum, siminti yana daskarewa a cikinsu, sauran kayan masarufi kuma sun rasa hanyar shigowa. An soke wasu kwangilolin, aka hana jirage tasowa sai da izini, aka riƙa sauke kaya da ƙananan jirage dare da rana. Wannan cunkoso ne ya sa aka hanzarta gina tashar Tin Can, wadda aka buɗe a 1977.

Mutum na biyu yana ɗan shekara 32

Ranar Juma'a 13 ga Fabrairu na 1976 sojoji ƙarƙashin Laftana Kanar Buka Suka Dimka suka harbe Janar Murtala a Legas yana kan hanyarsa ta zuwa ofis. Juyin bai yi nasara ba, Obasanjo ya gaji kujerar. Amma ƙasar na cikin zaman ɗar-ɗar. An kashe shugaba Musulmi ɗan Arewa, wanda ya gaje shi Kirista ne daga Kudu, babban hafsan sojan ƙasa, Janar Danjuma, shi ma Kirista ne. Majalisar ƙoli ta soja ta ga cewa kwantar da hankalin Arewa na buƙatar a ɗauko Musulmi daga yankin. Aka ɗaga Shehu daga laftana kanar zuwa birgediya, ya tsallake hafsoshi da dama da suka girme shi a aiki, ya zama babban hafsa a hedikwatar ƙoli, wato mataimakin shugaban ƙasa a tsarin mulkin soja.

Aikin farko da gwamnatin ta yi shi ne hukunta waɗanda aka samu da hannu a kisan. Kotun soja ta zauna a asirce, aka harbe mutane fiye da 30, cikinsu har da Dimka, da kwamishinan tsaro Manjo Janar Iliya Bisalla, da tsohon gwamnan jihar Binuwai da Filato, Joseph Gomwalk. Har yau akwai iyalai, musamman a yankin Filato, da ke ganin an haɗa da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba.

A cikin shekaru uku da rabi da suka biyo baya an ɗora wa ofishinsa manyan ayyuka. Akwai shirin ciyar da ƙasa na 1976, wanda ya nemi mayar da hankalin jama'a kan noma ta hanyar raba takin zamani da iri a farashi mai rahusa. A shekarar ce kuma aka kafa hukumomin raya kogunan ƙasa, kuma a ƙarshen shekarun 1970 aka tsara madatsar ruwa ta Zobe a kan kogin Karaduwa kusa da Dutsin-Ma. An kammala ginin madatsar a 1983, zamanin Shagari, amma ta shafe shekaru masu yawa ba ta ba da amfanin da aka gina ta dominsa ba, sai a 2021 aka ƙaddamar da aikin samar da ruwan sha daga cikinta.

Abin da ya fi taɓa rayuwar talakan karkara shi ne gyaran ƙananan hukumomi na 1976, wanda ofishin Birgediya 'Yar'aduwa ya jagoranta. Kafin nan mulkin ƙasa a Arewa yana hannun En'e, daga sarki zuwa hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa. Sabon tsarin ya raba Najeriya zuwa ƙananan hukumomi 301 masu tsari iri ɗaya, ya ba su kaso daga asusun tarayya, ya tanadi kansiloli, sarakuna kuma suka koma majalisun masarautu masu ba da shawara. A ƙarƙashin wannan tsari ne Dutsin-Ma ta zama hedikwatar ƙaramar hukuma a 1976, lokacin ƙasar Katsina tana cikin jihar Kaduna. Mazaɓu irin su Kutawa da kujerun kansilolinsu duk rassa ne na wannan gyara. Masu sukar tsarin na cewa gwamnonin jihohi sun maye gurbin En'e wajen danne ƙananan hukumomin, kuma taƙaddamar 'yancin kuɗinsu ta kai har gaban Kotun Ƙoli a 2024.

Gwamnatin ba ta tsira daga zargi ba. A zamaninta ne sojoji suka ƙona gidan mawaƙi Fela Kuti a Legas a 1977, a zamaninta ne kuma aka harbe ɗalibai, ciki har da na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, a zanga-zangar ƙarin kuɗin makaranta ta 1978.

Amma ta cika alkawarin da Murtala ya ɗauka. An rubuta sabon kundin tsarin mulki mai shugaban ƙasa irin na Amurka, aka yi wa jam'iyyu biyar rajista, aka yi zaɓe a 1979. Sakataren hukumar zaɓe ta FEDECO a lokacin shi ne Alhaji Ahmadu Kurfi, wanda daga baya ya zama Maradin Katsina, Hakimin Kurfi. Zaɓen shugaban ƙasa ya jawo muhawara kan ma'anar kashi biyu cikin uku na jihohi 19, har Kotun Ƙoli ta tabbatar da nasarar Alhaji Shehu Shagari a kan Cif Obafemi Awolowo. Ranar 1 ga Oktoba na 1979 sojoji suka miƙa mulki. Shehu ya yi ritaya da muƙamin manjo janar yana ɗan shekara 36. Kafin nan, a 1978, Sarkin Katsina Usman Nagogo ya naɗa shi Tafidan Katsina, sarautar da mahaifinsa ya taɓa riƙewa.

Daga kasuwanci zuwa siyasa

Bayan ya tuɓe kaki ya zauna a Kaduna ya shiga noma da kasuwanci. Ya shugabanci bankin Habib na Najeriya, ya kafa gonar Sambo, ya shiga harkar jiragen ruwa tare da Cif Moshood Abiola, ya kuma buga jaridar The Reporter. Dukiyar da ya tara da mutanen da ya sani a kowane sashe na ƙasar su ne jarin da ya shiga siyasa da shi.

Da Janar Ibrahim Babangida ya fara shirinsa na miƙa mulki a ƙarshen shekarun 1980, ya haramta wa tsofaffin masu riƙe da muƙamai shiga siyasa. Tafida ya tsaya a bayan fage ya haɗa ƙungiyar PF, wadda ta tattaro sabbin 'yan siyasa irin su Atiku Abubakar da Babagana Kingibe da Chuba Okadigbo da Bola Tinubu da Rabi'u Musa Kwankwaso, da kuma Lawal Kaita daga gida Katsina. Abin da ya bambanta ƙungiyar da jam'iyyun da suka gabace ta shi ne ba ta dogara da yanki guda ba. Tafida ya riƙa bin ƙananan hukumomi ɗaya bayan ɗaya yana neman wakilai, yana sanin wa ke da jama'a a kowace mazaɓa, daga Adamawa har Ibadan.

A watan Oktoba na 1989 Babangida ya ƙi yi wa ko ɗaya daga cikin ƙungiyoyin siyasa 13 rajista, ya ƙirƙiro jam'iyyu biyu na gwamnati, SDP da NRC. Mutanen Tafida suka shiga SDP, suka kuma karɓe ragamarta, Kingibe ya zama shugaban jam'iyya a 1990. Amma a gida an sha kaye, domin a zaɓen gwamnoni na watan Disamba na 1991 ƙanensa, Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa, ya faɗi a hannun Alhaji Sa'idu Barda na NRC. A ƙarshen shekarar an tsare Tafida na ɗan lokaci tare da wasu tsofaffin 'yan siyasa bisa zargin karya dokar haramci, daga baya aka sake su, aka kuma ɗage dokar.

A zaɓen fid da gwani na 1992 ya yi wa abokan takararsa na SDP fintinkau, ciki har da Cif Olu Falae, ya samu ƙuri'u masu yawa har a jihohin Yarbawa, abin da ɗan siyasar Arewa bai saba samu ba. Waɗanda suka faɗi suka yi ƙorafin an yi amfani da kuɗi da maguɗi. Babangida ya soke zaɓen gaba ɗaya, ya kuma haramta wa 'yan takara 23 na jam'iyyun biyu sake tsayawa.

Tafida ya tura Atiku Abubakar a madadinsa. A babban taron SDP na Jos a watan Maris na 1993, Atiku ya zo na uku a zagayen farko, sannan ya janye, ƙuri'unsa suka taimaka wa Abiola ya kayar da Kingibe. Mutanen Tafida sun sa ran a ba Atiku mataimaki, sai Abiola ya ɗauki Kingibe. Duk da haka sun yi wa jam'iyyar aiki a zaɓen ranar 12 ga Yuni, wanda Babangida ya soke.

A nan ne aka fi sukar Tafida. Shugabannin SDP da ke tare da shi sun amince da kafa gwamnatin riƙon ƙwarya ta Cif Ernest Shonekan, maimakon tsayawa kai da fata sai an ba Abiola kujerarsa. Magoya bayansa na cewa burinsa shi ne a fitar da Babangida daga fadar mulki ta kowace hanya, sannan a sake zaɓe. Masu sukarsa, musamman a kudu maso yamma, na ganin ya hango wa kansa wata dama ce ta sake tsayawa takara. Ko ma dai mene ne, gwamnatin Shonekan ba ta cika wata uku ba Janar Sani Abacha ya ture ta ranar 17 ga Nuwamba na 1993.

Karo da Abacha

Abacha ya rushe jam'iyyu da majalisu, ya kira taron tsara kundin mulki a 1994. 'Yan siyasa da yawa na kudu maso yamma sun ƙaurace wa taron. Tafida ya tsaya zaɓe daga Katsina ya shiga, tare da mutanensa da suka sake haɗuwa a ƙarƙashin ƙungiyar PDM. A watan Disamba na 1994 taron ya zartar da ƙudurin cewa sojoji su sauka a watan Janairu na 1996. Kowa ya san hannun wanda ke bayan wannan ƙuduri, kuma gwamnati ba ta ji daɗinsa ba.

A watan Maris na 1995 aka kama shi, bayan 'yan kwanaki aka kama Obasanjo, bisa zargin haɗa baki da wasu hafsoshi, irin su Kanar Lawan Gwadabe, don kifar da gwamnati. Bayan kama shi taron ya janye wa'adin da ya sa. Kotun soja ƙarƙashin Birgediya Janar Patrick Aziza ta zauna a asirce a Legas ta yanke masa hukuncin kisa. An haɗa da 'yan jarida irin su Chris Anyanwu da Kunle Ajibade, da 'yan rajin kare haƙƙin jama'a irin su Dokta Beko Ransome-Kuti da Shehu Sani. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam na ciki da wajen ƙasar sun ce shari'ar ba ta cika ƙa'ida ba, 'yan Najeriya da dama kuma sun ɗauki juyin mulkin a matsayin ƙage. Mutumin da gwamnatinsa ta yi amfani da kotun soja ta asiri a 1976 ya tsinci kansa a gaban irinta bayan shekaru 19.

Matsin lamba daga ƙasashen duniya ya sa Abacha ya sassauta hukuncin a watan Oktoba na 1995. Na Tafida ya koma ɗaurin shekaru 25, na Obasanjo shekaru 15. Bayan wata guda aka rataye Ken Saro-Wiwa da 'yan'uwansa takwas na ƙabilar Ogoni, aka dakatar da Najeriya daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila.

An yi ta sauya masa gidan yari har aka kai shi Abakaliki, nesa da iyalinsa da likitocinsa. A can ciwo ya kama shi, ya cika ranar 8 ga Disamba na 1997. Hukumomi sun ce rashin lafiya ce. Iyalai da abokan siyasarsa da dama sun yi zargin cewa wata allura aka yi masa da gangan, kuma batun ya sake tasowa a gaban kwamitin Mai Shari'a Chukwudifu Oputa, wanda aka kafa a 1999 don binciken take haƙƙin jama'a a zamanin soja. An kai gawarsa Katsina, dubban mutane suka raka ta maƙabartar Ɗanmarna.

Abin da ya biyo baya

Makonni biyu bayan rasuwarsa aka kama mataimakin Abacha, Laftana Janar Oladipo Diya, bisa zargin wani juyin mulkin. Wata shida cif bayan rasuwar, ranar Litinin 8 ga Yuni na 1998, Abacha ya rasu a Abuja. Abiola ya bi bayansa ranar 7 ga Yuli yana tsare. Janar Abdulsalami Abubakar ya saki fursunonin siyasa, cikinsu har da Obasanjo.

Ƙungiyar PDM ta zama ɗaya daga cikin ginshiƙan jam'iyyar PDP da aka kafa a 1998, kuma ita ce ta taimaka wa Obasanjo, wanda ba shi da tushen siyasa a yankinsa, ya samu takara. Ranar 29 ga Mayu na 1999 aka rantsar da Obasanjo shugaban ƙasa, Atiku mataimakinsa, Umaru Musa 'Yar'aduwa kuma gwamnan Katsina. A 2007 Umaru ya zama shugaban Najeriya, Ibrahim Shema, ɗan Dutsin-Ma, ya gaje shi a kujerar gwamna. Umaru ya rasu a kan mulki ranar 5 ga Mayu na 2010, aka binne shi a Ɗanmarna inda yayansa yake. Bola Tinubu, wanda ya fara siyasa a ƙungiyar PF, ya zama shugaban ƙasa a 2023, bayan ya kara da Atiku da Kwankwaso, waɗanda su ma daga wannan makaranta suka fito.

A Abuja an gina cibiyar taro da ɗakin adana tarihi da sunansa. Ɗansa Murtala ya gaji sarautar Tafida, ya kuma riƙe muƙamin ƙaramin ministan tsaro a 2010.

Manazarta tarihin Najeriya ba su yi ittifaƙi a kansa ba. Wasu na tuna sojan da ya taimaka aka kifar da gwamnati, da ɗan siyasar da ake dangantawa da shigowar manyan kuɗi cikin zaɓe. Wasu kuma na tuna hafsan da ya sauka daga mulki da ƙafarsa yana ɗan shekara 36, da mutumin da ya tsaya a zauren taro ya sa wa sojoji ranar tafiya, ya san abin da hakan zai iya jawo masa. Tun daga 29 ga Mayu na 1999 sojoji ba su sake karɓar mulki a Najeriya ba, kuma wannan shi ne zango mafi tsawo na mulkin farar hula tun samun 'yancin kai a 1960. Tafida ya rasu saura wata 17 da 'yan makonni a fara shi.

Allah ya jiƙansa da rahama.